Allurar Feftayid a Gida da Wajabcin Tanadin Adirenalin: Tsokaci Daga Arewacin Birnin Kaduna

Gabatarwa

A da, allura aba ce ta asibiti. Likita ya rubuta, majinyaci ya kai takarda ɗakin allura, ma'aikaciyar jinya ta yi masa, sannan ta umarce shi da ya zauna a kan benci na ɗan lokaci kafin ya kama hanya. Jama'a da dama sun ɗauka wannan zama domin gudun jiri ne kawai. Alhali kuwa hikimarsa ta wuce nan, domin a irin waɗannan mintuna ne jiki kan nuna ko ya karɓi magani ko ya yi masa tawaye, kuma a kusa da bencin akwai farantin gaggawa da aka tanadi ruwan adirenalin da sirinji a kansa.

A yau allura ta shigo gida. Masu ciwon sukari sun daɗe suna yi wa kansu insulin, mata ma an koya musu yi wa kansu allurar tazarar haihuwa ta Sayana Press. Sai ga sabon yayi na allurar rage ƙiba da ta hasken fata da ta gina tsoka, waɗanda ake tallarsu a Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp, mai babur ya kawo wa mutum har ƙofar gida, ko a Malali yake, ko Unguwar Rimi, ko Badarawa, ko Kawo. Allurar ta koma firjin gida kusa da gorar zoɓo, amma bencin jira da farantin gaggawa suna can asibiti. Matsayar wannan maƙala ita ce, duk wanda ya ɗauko aikin ɗakin allura ya kawo gidansa, to ya ɗauko har da nauyin tanadin gaggawa, kuma jigon wannan tanadi shi ne adirenalin, tare da ilimin amfani da shi daga bakin likita.

Mene Ne Feftayid?

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta sinadaran amino asid, waɗanda su ne tubalan ginin furotin. Da yawa daga cikin saƙonnin da sassan jiki ke aika wa juna da irin wannan sarƙa ake aika su. Idan aka haɗiye ta, ciki kan narkar da ita kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa mafi yawan magungunan wannan jinsi ta hanyar allura ake ba da su.

Ana iya karkasa waɗanda ke hannun jama'a gida uku. Kashi na farko su ne magungunan da aka tantance, likita ya rubuta, aka saya a kantin magani mai rajista. Insulin, mai amino asid 51, shi ne babbansu. Sai semagulutayid da ake sayarwa da sunan Ozempic, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017 domin ciwon sukari, da ɗan'uwansa Wegovy da ta amince da shi a 2021 domin ƙiba, da Mounjaro da ya biyo baya a 2022. Kashi na biyu su ne jabun waɗannan magunguna. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka, kuma tun a watan Oktoba na 2023 an kwantar da wasu mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun da ake zargin insulin aka ɗura a ciki. Kashi na uku su ne waɗanda ba a amince da su domin abin da ake yi da su ba. A nan ne BPC-157 yake, garin da ke zuwa a 'yar kwalba da rubutun cewa na bincike ne kawai, wanda masu ɗaga ƙarfe ke dama shi da ruwa su tsira wa kansu. A 2023 hukumar Amurka ta sanya shi cikin sinadaran da take da damuwa a kan amincinsu, kuma cikin dalilanta akwai yiwuwar su tayar da garkuwar jiki. A nan ma gulutatayon yake, mai amino asid 3, wanda ake ɗura wa mata a jijiya da sunan hasken fata, musamman a gyaran jikin amare, duk da cewa hukumomin magunguna na Amurka da Filifin sun bayyana cewa ba su amince da wata allurar hasken fata ba. A Najeriya kuwa, a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Borin Jinin da Ke Kisa

Bahaushe ya san borin jini: fata ta yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya dami mutum, bayan sa'o'i abin ya lafa. Amma akwai nau'insa mai tsanani wanda likitoci ke kira anafilaksis, sunan da masanan Faransa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka raɗa a 1902, kuma a kansa aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Yadda yake faruwa shi ne, garkuwar jiki ta ɗauki magani, ko wani sinadari da aka cakuɗa shi da shi, a matsayin abokin gaba. Nan take wasu ƙwayoyin halitta su saki histamin da makamantansa cikin jini baki ɗaya. Jijiyoyi su buɗe su fara yoyo, bugun jini ya faɗi, harshe da maƙogwaro su kumbura, hanyoyin iska a huhu su tsuke. Mutum ya ji muryarsa ta dushe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jiri ya kwashe shi, wani lokaci da amai ko murɗawar ciki.

Abubuwa biyu ne ke ɓatar da mutane a nan. Na farko, ba kullum fata ke nuna alama ba. Akan sami wanda numfashinsa ya sarƙe alhali ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Na biyu, jan fatar da littattafan Turai ke siffantawa ba ya bayyana sosai a baƙar fata, don haka mai jiran ya ga ja sai ya makara.

Tarihin feftayid kansa ya zo da wannan darasi tun daga farkonsa. Ranar 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar insulin ta farko a duniya a birnin Toronto na Kanada. Ruwan bai gama tsarkaka ba, jikinsa ya ƙi shi, wurin allurar ya kumbura, dole aka dakata har sai da James Collip ya tace shi, aka sake yi masa ranar 23 ga watan aka dace. A Fabrairun 2013 an janye maganin Omontys daga kasuwar Amurka, feftayid da ake ba masu wankin ƙoda, bayan ya jawo anafilaksis har wasu suka rasu, ƙasa da shekara guda da amincewa da shi. A Janairun 2025 kuma hukumar Amurka ta ɗora gargaɗinta mafi tsanani a kan gilatirama, allurar da masu wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi wa kansu a gida, tana mai bayyana cewa borin na iya zuwa ko da mutum ya yi watanni ko shekaru yana amfani da ita lafiya. Takardar da ke cikin kwalin Ozempic ma ta ambaci anafilaksis da kumburin fuska da maƙogwaro. To idan magungunan da aka kashe shekaru ana gwajinsu za su iya haka, ina ga garin da ba a san inda aka haɗa shi ba, ba a kuma san abin da ya gauraya da shi ba?

Piriton da Manja Ba Sa Tsayar da Shi

Akwai dalilin da ya sa jama'a suka amince da Piriton. A zamanin da kulorokwin ke zama maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙaiƙayinsa ya addabi baƙar fata sosai, kuma an saba a haɗa wa mutum shi da Piriton. Daga nan tunanin ya zauna cewa duk wanda magani ya ƙi, Piriton ne makarinsa, idan abin ya yi tsanani a garzaya kemis a yi masa allurar haidirokotizon. Wasu kuma kan ɗura wa mutum manja ko madara, kamar yadda ake yi wa wanda ake zaton ya sha guba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buɗe maƙogwaron da ya kumbura ko ya ɗaga jinin da ya faɗi. Ƙwayar Piriton tana bukatar rabin sa'a ko fiye kafin ta fara aiki, aikinta kuma a kan ƙaiƙayi da ƙurji ya tsaya, ga ta da sa barci wanda kan ɓoye alamar suma. Haidirokotizon sai ya yi sa'o'i kafin tasirinsa ya bayyana. Saboda haka ne majalisar farfaɗo da majinyata ta Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2021, ta cire waɗannan biyu daga matakin farko na ceto. Manja da madara kuwa haɗari ne tsantsa, domin ɗura ruwa a bakin wanda haɗiya ta gagara na iya kai shi huhu.

Adirenalin ne kaɗai ke tunkarar matsalar ta kowace fuska a lokaci guda. Yana tsuke jijiyoyi jini ya tashi, yana rage kumburi, yana buɗe hanyoyin iska, yana ƙarfafa bugun zuciya, yana kuma hana ƙwayoyin halittar nan ci gaba da sakin sinadaransu. Tsohon magani ne mai araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kuɗin 'yar kwalbarsa bai kai ko kusa da na alƙalamin allurar rage ƙiba guda ɗaya ba.

Lissafin Mintuna da Nisan Hanya

Mai karatu na iya cewa mazauna arewacin Kaduna ba su rasa asibiti ba. Gaskiya ne. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, ga Asibitin Sojoji na 44, ga Babban Asibitin Kawo, ga na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ban da masu zaman kansu. Sai dai anafilaksis da mintuna yake lissafi. A wani nazari da likita Richard Pumphrey ya wallafa a Birtaniya a shekarar 2000 a kan waɗanda borin ya kashe, matsakaicin lokacin da aka ɗauka kafin numfashi ko zuciya ta tsaya shi ne minti 30 ga wanda abinci ya jawo wa, minti 15 ga harbin ƙwaro, minti 5 kacal ga wanda magani ya jawo wa a wurin jinya. Allurar ƙarƙashin fata ba ta kai ta jijiya sauri ba, amma duk da haka tazarar ba ta da yawa.

A auna wannan da halin gari. Wanda abin ya same shi a Hayin Banki ko Unguwar Dosa ko Mando, sai an fara gane abin da ke faruwa, a nemo mota ko Keke Napep, a ɗauko shi, a bi titin Ali Akilu ko Ahmadu Bello a lokacin tashi daga aiki. Idan da dare ne, sai an tashi maƙwabci. Ga shi kuma masu irin wannan allura sukan yi ta ne a ɓoye, a kulle ɗaki, domin mace ba ta son kishiya ko dangin miji su san sirrin ramarta ko haskenta, saurayi ba ya son abokai su san asalin ƙwanjinsa. Ke nan idan mutum ya faɗi, mutanen gida ba su ma san abin da za su faɗa wa likita ba. Wannan ɓoyo shi kansa yana cikin abin da ke kisa.

Abin da Tanadi Ya Ƙunsa

A ƙasashe masu arziki akwai alƙalamin adirenalin irin EpiPen, wanda ake danna shi a cinya ya zuba adadin da aka auna, kuma akan shawarci mai shi ya riƙe guda biyu. A mafi yawan ƙasashen Afirka samunsa na da wuya, inda aka samu kuma da tsada. Abin da ya fi samuwa a Najeriya shi ne 'yar kwalbar gilas mai ɗauke da miligiram 1 a cikin mililita 1. A nan ne horo ya zama tilas, domin adadin babba shi ne miligiram 0.5, wato rabin kwalbar, na yara kuma bai kai haka ba. A tsokar gefen cinya ta waje ake yin ta, ba a jijiya ba, domin zuba wannan ruwa kai tsaye a jijiya na iya rikita bugun zuciya ya halaka mutum. Allurar insulin gajeriya ce, ba ta isa tsoka, don haka ana bukatar sirinji mai mililita 1 da allura mai tsawon milimita 25. Idan an yi minti 5 ba a ga sauƙi ba, ana maimaitawa.

Bayan allurar, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa ya zauna ya miƙe ƙafafu, mai ciki kuma ta kwanta a gefen hagu. Kada a tsayar da shi ko a sa shi ya taka zuwa mota, domin miƙewa a lokacin da jini ya faɗi ta kashe mutane. A kira lambar gaggawa ta 112 ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin abin da ya yi allurarsa. Ko da ya warware sarai, zuwa asibiti na nan daram, saboda borin kan dawo bayan sa'o'i ba tare da an sake allura ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin karɓar majinyacin gaggawa.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Adirenalin ba ya son haske, ba ya son zafin da ya haura digiri 25, ga shi a bazara zafin Kaduna kan wuce digiri 35. Aljihun mota da bakin taga ba wurinsa ba ne. Ruwan ya kamata ya kasance garau. Da zarar ya sauya zuwa ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ko kwanan watansa ya wuce, sai a sauya. Kuma dole a sami mutum na biyu a gidan da ya san inda yake da yadda ake jan sa, domin wanda numfashinsa ya sarƙe hannunsa na rawa ba zai iya fasa kwalba ya auna rabin mililita ba.

Hujjojin Masu Saɓani

Akwai ma'aikatan lafiya masu hankali da ba su yarda da wannan matsayi ba, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara. Ta farko ita ce, anafilaksis daga magunguna masu rajista abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, don haka babu dalilin tsorata mai ciwon sukarin da insulin ke riƙe da ransa. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce majinyaci ya bar insulin saboda tsoron bori. Abin da ake nema shi ne likita ya auna kowa da halinsa. Mai asma, da wanda magani ko abinci ko harbin zuma ya taɓa kumbura masa fuska, da mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko furofaranolol waɗanda ke rage tasirin adirenalin, da wanda gidansa ke nesa da asibiti, ba daidai suke da sauran ba. Allurar farko ta kowane sabon magani a yi ta a gaban ma'aikacin lafiya, a jira aƙalla rabin sa'a. Amma labarin gilatirama ya nuna cewa tsallake ranar farko ba ya nufin an tsira har abada.

Hujja ta biyu ita ce, adirenalin a hannun wanda bai sani ba makami ne. Mutum na iya suma don tsoron allura, ko sukarinsa ya faɗi ya yi gumi da karkarwa, a ɗauka bori ne. Wannan ma haka yake, shi ya sa tanadin ba ya inganta sai da koyarwa: mai suman tsoro yakan farfaɗo da an kwantar da shi, mai faɗuwar sukari sukari yake bukata. Sai dai masana sun haɗu a kan cewa adadin da ya dace, a tsokar cinya, illarsa a galibi ba ta wuce bugun zuciya da karkarwa na ɗan lokaci ba, alhali jinkirta shi ga mai bori na gaske yana cikin manyan dalilan mutuwa. Ƙasar da ta iya koya wa matan karkara yi wa kansu Sayana Press za ta iya koya wa iyali jan rabin mililita.

Hujja ta uku ta fi nauyi: yin maganar adirenalin tamkar ba mutane lasisi ne su ci gaba da tsira wa kansu abin da suka sayo a intanet. Amsa ita ce, adirenalin bori kaɗai yake tsayarwa. Ba ya kashe ƙwayar cutar da ta shiga jini daga gurɓatacciyar kwalba, ba ya ceton wanda jabun alƙalami ya zuba wa insulin, ba ya gyara ƙodar da ta lalace. Dangane da abin da ba shi da lambar NAFDAC, ko wanda ba likita ne ya rubuta ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma yin shiru bai hana kowa saya ba, illa dai ya bar masu yi cikin jahilcin da ke sa su riƙe Piriton a matsayin garkuwa.

Nauyin da Ke Kan Kowa

Likitan da ya rubuta allurar gida bai kammala aikinsa ba har sai ya tambayi tarihin borin majinyaci, ya faɗa masa alamomin haɗari da Hausar da zai gane, ya kuma yanke ko yana bukatar adirenalin a gida. Masanin harhaɗa magunguna ya nuna yadda ake ja da yadda ake ajiya kafin ya miƙa kwali. Majalisar kula da harkar magunguna ta ƙasa, wato PCN, ita ke ba masu kemis lasisi, kuma lasisin bai haɗa da yin allura ba. Wajibi ne a tabbatar da wannan iyaka, a kuma faɗaɗa sa ido zuwa gidajen gyaran jiki da wuraren motsa jiki. Wanda magani ya ƙi, a kai rahoto ga NAFDAC, wadda ke da manhajar Med Safety domin haka.

Jami'ar Jihar Kaduna tana da tsangayar harhaɗa magunguna da kwalejin likitanci, tana kuma da masana harshen Hausa. Haɗuwar waɗannan za ta iya samar da takarda shafi guda, da boko da ajami, mai ɗauke da alamomin bori da matakan ceto, da daidaitattun kalmomin da gidajen rediyon Kaduna za su riƙa amfani da su. Har yanzu kalma ɗaya, borin jini, ita ke ɗauke da ƙaiƙayin da ke wucewa da kansa da kuma shaƙewar da ke kisa cikin mintuna, kuma muddin harshe bai bambance su ba, jama'a ma ba za su bambance ba.

Kammalawa

Shigowar allura gida ta sauƙaƙa wa masu ciwon sukari da sauran majinyata rayuwa, kuma ba abu ne da za a mayar da shi baya ba. Abin da ya rage shi ne a biyo ta da sauran kayan ɗakin allura: tantance magani kafin saya, yin ta farko a gaban ma'aikaci, sanar da wani a cikin gida, ajiye adirenalin ga wanda likita ya ga ya dace, da sanin asibiti mafi kusa. Ajali na hannun Allah, amma neman sababi umarni ne, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai alƙalamin allura a firji ya tambayi likitansa wannan batu a ganinsu na gaba, kafin allura ta gaba.